Jakar da na rataye a bakin ƙofa

Sau biyu aka rushe mini ɗaki a Abuja. A na farko ban san ana shiri ba. Muka tura komai cikin jakar gana-mas-go, ina ɗagawa gindinta ya yage, kaya suka watse a ƙafafun mutane masu gudu. Katin asibitin matata da hoton mahaifina guda ɗaya tak, a nan suka tafi. Daga nan muka hau tudun Mpape.

Dutse nake fasawa. Duk shekarun da na yi riƙe da guduma, abin da suka zama shi ne fili ɗaya a Uke, ko bulo ban aza ba. Shaidarsa takarda ce guda, da hatimin mai unguwa da dangwalen yatsana. Wanda ya sayar mini ya rasu. 'Ya'yansa ba su san fuskata ba, takardar kawai suka sani. In ta ɓata, filin ya ɓata. Na naɗe ta a leda, na cusa ta tsakanin kwano da katakon rufi, daidai saman gadonmu. Nan take zama.

Wata ranar Talata na dawo aiki na tarar da jan fenti, alamar rusau, a bangon gidanmu. Layin gaba ɗaya an shafa. Ba wanda ya faɗi rana. Ba sa faɗa.

Washegari na sauka kasuwa wajen masu gwanjo, ɗauke da buhu mai duwatsu huɗu daga wurin aikinmu. Mai shagon ba Bahaushe ba ne, a nan Abuja ya tsinci Hausarsa. Na ce jaka nake so, ya fara sauko mini da masu ƙyalli.

"Oga, wannan jaka yana da kyau. Sabo ne, ba a taɓa shi ba."

Na zuba duwatsun a ciki, na kama hannu ɗaya na girgiza. Ɗinkin ya yi ƙara.

"Kai! Kai! Oga, jaka za ka saya ko tifa?"

"Kawo wata."

Ta biyu zif ɗinta ya buɗe baki da kansa. Ta uku gindinta falle ɗaya ne, na hango rana ta cikinsa. Ya fara gumi, yana cewa in na yaga masa kaya sai na saya. Na ce in ta yage mini a hanya ba a shagonsa ba, wa zan kama? Sai ya shiga can ciki ya jawo wata mummuna, launin ƙasa, duk ta koɗe. Ya ce ta masu hawan dutse ce, ba mai so, ta yi nauyi. Na juya cikinta waje. Ɗinki biyu-biyu ne, inda hannuwan suka haɗu da jiki an bi an sake bi. Gindin ninki biyu. Bakinta igiya ake ja, sannan murfi ya rufe, ba ruwanta da zif. Tana da ɗamara da ake ɗaurawa a ƙugu. Na zuba duwatsun, na goya, na yi tsalle sau uku a gaban shagon. Ko motsi ɗinkin bai yi ba. Na sa ya watsa mata ruwan leda ɗaya, ruwan ya gangare.

"Oga, in ka mutu, wannan jaka zai je jana'izarka."

Na biya.

A gida na sauko da takardar daga rufi, na sa ta a wani aljihu na ciki da ke jikin baya. Na ƙara kaya kala bibbiyu, tocila, maganin hawan jinin matata, garin kwaki da ƙuli. Na buga ƙusa a bakin ƙofa na rataye ta, yadda ko da gudu mutum ya zo, hannu ɗaya zai miƙa.

Matata ta kalle ni ta ce, "Malam, makaranta za ka koma da furfura?"

Kuskuren nawa ne, ƙusar nan. Gidanmu ɗaki tara ne, kuma a irin gidan nan abu mai kyau ba ya zama na mutum ɗaya. Tsani, guga, turmi, duk wanda ya gani zai aiko. Ni kuma na rataye ta inda duk mai wucewa zai gani. Mutum biyu suka tambaya, na ce akwai kaya a ciki. Aka fara cewa na yi kuɗi na canza. Wata ɗaya ya wuce, biyu, fentin ya fara dushewa, mutane suka ce ai an fasa.

Ranar da masu rusau suka zo, da hantsi ne, ina wurin aiki. Ƙarar injin niƙa dutse ba ta bari a ji komai, sai da na ga masu sayar da abinci sun bar tukwanensu suna gudu. Na yar da guduma. Hanyar ƙafa ce, hawa, ga mutane suna gangarowa da katifu da ƙofofi a ka. Ina hawa ina ce wa kaina, hannu ɗaya kawai, hannu ɗaya. Da na shigo layinmu, katafila tana gida na uku daga namu.

Na miƙa hannu. Ƙusa ce kawai.

Matata tana tsakar gida tana ɗaure tukwane a zani. Na ce, "Ina jakar?"

Ba ta ɗago ba. "Maƙwabcinmu mai rake ya ara, da safen nan bayan ka fita aiki. Garin Jiwa ya tafi, surukinsa ba lafiya."

"Kin ba shi?"

"Matarsa ce ta zo da kanta. Wadda ta kwana uku a kaina a asibiti. In ce mata me, Malam?"

Sai kuma na ji sauƙi. Takardar tana Jiwa, a bayan mutumin kirki, nesa da katafila. Na ce, "To shi ke nan. Takardar na ciki. Mu tafi."

A nan ta ɗago. "Haba, zan ba da aron jaka da takardar fili a ciki? Na cire. Na mayar da ita inda take zama."

Na kalli rufin. Bangon gida na biyu ya faɗi, ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata.

Wani mai kaki ya tare ƙofar gidan da sanda. "Baba, fita! Lokaci ya ƙare!"

"Oga, minti ɗaya."

"Babu minti!"

Na bi ta ƙarƙashin hannunsa. Sandar ta same ni a kafaɗa, sai daga baya na ji zafinta. An riga an fitar da gadon, ba abin takawa. Na kifa bokiti na hau, ya fashe. Na kama katakon da hannu ɗaya na rataya, ɗayan ina lalube. Ba ta nan. Matata gajeriya ce, ba za ta kai inda nake kaiwa ba. Na dawo da hannun baya, kusa da bango. Kwanon yana rawa, ƙasa na zuba mini a ido, ina jin muryarta a waje tana kiran sunana, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Yatsana ya taɓa leda. Na fizgo, bakin kwano ya tsaga mini hannu har wuyansa. Na cusa ledar cikin riga na fito. Ban kai bakin layi ba na ji ɗakinmu ya zauna.

A gindin wani dutse na buɗe. Kusurwa ɗaya ta yage, jini ya ɓata gefe. Hatimin yana nan, yatsana yana nan. Matata ta zauna a ƙasa tana kuka. Ban yi mata faɗa ba. Abin da ta yi, shi kowace mace mai hankali za ta yi.

Bayan kwana biyu mai rake ya dawo, ya rasa gidan, ya same mu a rumfar da muka kafa da guntayen kwano. Ya miƙo jakar cike da doya, wai tukuicin aro. Doya goma sha ɗaya, tun daga Jiwa, ko zare bai saki ba.

Kwanon da muka tsira da shi yana Uke yanzu, a kan ɗaki ɗaya da na tayar da hannuna. Jakar kuwa ban sake buga mata ƙusa ba. Takardar na cikinta, ita kuma tana bayana duk inda zan je, har masallaci. Abokan aiki suna ce mini ɗan makaranta. Wanda ya zo aro ina ce masa a'a, kai tsaye, ba na ma neman dalili.