Farfesun Ƙaurin Da Na Ƙi Ci

Shekara shida ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti a Landan, ni da maigidana muna zaune a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Camberwell, ina ɗauke da cikin fari. Ni mace ce mai baki, in na gano wani abu sai kowa ya ji, ko yana so ko ba ya so. Abin da na gano a shekarar kuwa shi ne barin cin nama.

Wata abokiyar aikina 'yar Indiya ce ta fara sa ni tunani. Ba ta cin nama saboda addininta, kuma ba ta taɓa yi mini wa'azi ba, ni ce dai na dame ta da tambaya. Daga nan na shiga bincike kan yadda ake kiwon wasu kajin da muke saye a leda, a cunkushe, ba sa ganin rana tun daga ƙyanƙyasa har yanka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce to, an rubuta halal a jikin leda, amma ina tausayin da addini ya ce a yi wa dabba? Sai na daina ci. Wallahi da kyakkyawar niyya na fara, har na ji na ƙara samun natsuwa a salla. Amma ba a jima ba abin ya koma girman kai. Bawan Allah maigidana sai a waje yake cin tsirensa, ya goge baki kafin ya shigo.

Da na haihu, Inna ta taso daga Zariya don ta yi mini jego. Duk bakin nan nawa, ita kaɗai ce ban faɗa wa na bar nama ba. Kowa ya san a wajenmu da nama ake gyara mai jego, ga farfesu, ga gashi da yaji. Kwana uku da zuwanta, tsohuwar da ko kalmar Turanci ɗaya ba ta ji ta sa maigidana ya rubuta mata lambar bas a takarda, ta tafi har unguwar Catford cikin ruwan sama, ta nuna wa mai nama ƙaurin saniya da yatsa. Ta dawo a jiƙe, ta wuni a kan tukunya. Da ta kawo mini kwanon tana murmushi, maimakon in lallaɓa ta, sai na buɗe baki. Na ce ba zan ci ba, cin nama zalunci ne, duk mai yanka dabba azzalumi ne, ko ragon suna ma ban yarda a yanka ba. Innalillahi! Sai da maganar ta fita na tuna da wa nake yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma da wuƙarsa ya kai ni har inda nake.

Inna ta rufe kwanon ta fita. Ta ci gaba da yi wa jaririya wanka, tana dafa mini ruwan zafi, amma ba hira, ba tsokana. Ana jibi suna maigidana ya faɗa mini ta roƙe shi ya canza mata tikiti, tana so ta koma gida da an watse. Uwa ta bar 'yarta kafin arba'in, cikin fushi, na san abin da hakan yake nufi.

Bayan azahar na same ta a kan sallaya, na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ce ƙin cin bai dame ta ba, ai cikina ne. Abin da ya ƙona mata rai shi ne na kira mijinta azzalumi yana kwance a kabari. Ta ce tsawon zamansu bai taɓa wasa wuƙa a gaban dabba ba, bai taɓa yanka wata 'yar'uwarta tana kallo ba, kuma sai ya ba ta ruwa tukuna. Har da abokin sana'arsa ya taɓa rabuwa don ya ga yana jan akuya a ƙasa da ƙafa ɗaya. Sannan ta tambaye ni, wai wannan tausayin da nake taƙama da shi, a ina nake zaton na samo shi? Na yi kuka har jaririyar ta farka ta taya ni.

Wani malami da maigidana ya tambaya ya ce babu laifi mutum ya bar nama don tausayi, laifin shi ne ya haramta wa mutane abin da Allah ya halatta musu. Ragon suna, baffana ya yanka a Zariya, cikin waɗanda aka kiwata a gida, aka raba wa maƙwabta. Inna ta fasa tafiya. Ta koma dafa mini wake da alayyahu, da miyar zogale mai gyaɗa, tana ɗura mini kunun kanwa tana kirana akuyar Landan. Sai da muka yi arba'in ta tafi, ta dafa kaina ta sa mini albarka.

Har yau ba na cin nama, kuma ina jin daɗin hakan tsakanina da Ubangijina. Amma na koyi rufe baki a kan kwanon wani. 'Yan'uwa, in Allah ya sa muku tausayin wani abu a zuciya, ku riƙe shi, alheri ne, sai dai kada ku mai da shi bulalar dukan iyayenku. Ni ina can ina kukan kajin da ban taɓa gani ba, saura kaɗan in rasa albarkar uwar da ta haife ni.