Ranar da Kawu Ya Zo Kallo

Lokacin da nake koyarwa a Birnin Kudu, kowace Asabar nakan hau mota in tafi gida Gwaram. Yayana yana da shago a bakin kasuwa, yana cajin waya da sola, yana kuma tura wa mutane finafinai. Da ya samu talabijin sai ya riƙa fito da ita rumfa bayan La'asar, ya saka sabon kashi na wani shiri mai dogon zango da duk garin ya kamu da sonsa. Har mutanen Sara da Maruta, in sun shigo gari, ba sa juyawa sai sun gani.

Shirin labarin wani ciyaman ne da ake ba shi taki don manoma, shi kuma ya karkatar da shi. Da farko gardamar da ake yi mai daɗi ce. Wasu su ce matarsa ce ke zuga shi, wasu su ce ai tun asali mugu ne. Wani tela da ke maƙwabtaka da shagon kullum sai ya ce masu shirin ba su iya aiki ba, wai da a Indiya ne da tuni jarumi ya ɗaga ciyaman ya maka shi da ƙasa, motoci sun kama da wuta. A yi dariya a watse.

Sai zaɓe ya matso. Kawunmu, ƙanin Inna, ya fito takarar kansila, Yaya kuwa ɗan ɗaya jam'iyyar ne, kowa ya sani. Kawu ya taɓa zama cikin masu rabon taki shekarun baya. Ga shi Allah ya yi shi da wushirya, yana kuma karya hula gefe, sak irin na ɗan wasan da ke fitowa a ciyaman. Ban san wanda ya fara ba. Na dai zo wata Asabar na ji da zarar ciyaman ya fito sai samari su ce wa Yaya, "Ga kawunka nan." Ba a jima ba wani ya yanko wurin da ake loda buhuna a mota a cikin shirin, ya manna hoton Kawu, abin ya bi wayoyi. A ɗakin malamai wani abokin aikina ya nuna mini yana ƙyalƙyala dariya, bai san alaƙarmu ba.

Abin ya dami Inna har abinci ya fita ranta. Ta kira Yaya a gabana ta ce, "Ka daina haska abin nan har a gama zaɓe."

"Inna, ba ni na haɗa hoton ba. In na daina, cewa za a yi akwai abin da ake ɓoyewa."

"Ƙanina ne fa."

"Na sani, Inna."

Bai daina ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya rumfa ta cika maƙil. Yaya yana jona waya sai muka ji ƙarar babura. Kawu ne a gaba, samarinsa a baya, wasu riƙe da gora. Tela ya tattara kayansa ya ja ƙofa. Waɗanda ke bakin rumfa suka fara zamewa, amma babura sun tare hanya, dole suka dawo. Na ga samarin jam'iyyar Yaya suna haɗa ido, ɗaya ya sa ƙafa ya jawo wani guntun katako kusa da shi.

Kawu ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Na tashi na ba shi bencina, na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba.

"An ce ana nuna ni a nan," in ji shi. "Na zo in gani. Kunna."

"Kawu, wasan kwaikwayo ne kawai," Yaya ya ce.

"Na ce ka kunna."

Yaya ya kunna. Ban taɓa ganin an kalli shirin nan shiru haka ba. Addu'a nake yi a zuci Allah ya sa kashin ranar na soyayya ne, ko na rigimar cikin gida. Ina! Aka buɗe da manoma a ƙofar ofishin ciyaman, rana tana dukansu, shi kuma yana leƙensu ta taga yana murmushi, wushirya a waje. Na kasa ɗaga kai. Daga baya can wani ya ce, "Allah ya isa."

Wani yaron Kawu ya zabura da gora. Benci ya kife, mutane suka miƙe, na ji an taka mini ƙafa.

"Zauna!" Kawu ya daka masa tsawa. Ya juya ga Yaya. "Tsayar da shi."

Hoton ya tsaya cak a kan fuskar ciyaman. Kawu ya miƙe ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ga ni gabanku. Duk wanda ya san na ci buhunsa, ya tashi ya faɗa ina ji. Ba wanda zai taɓa shi."

Can sai wani dattijo daga wajen Fagam, mai noma da ɗan kiwo, ya dogara sandarsa ya tashi.

"Alhaji, ni ban ce ka ci ba, don ban gani ba. Amma shekarar da kuka yi rabon taki an ce mu zo, na zo, na wuni a tsaye, na koma hannu wofi."

"Abin da aka kawo mana bai isa ba, Baba. Wallahi bai isa ba."

"To, da ka fito ka faɗa mana a ranar. Rufe ƙofa kuka yi."

Samarin Kawu suka fara gunaguni, ɗaya ya matso. Kawu ya ɗaga masa hannu, idonsa na kan dattijon. Sannan ya ce, "An rufe ƙofa. Wannan gaskiya ne." Ya mayar da hularsa, ya dubi Yaya. "Kai kuma ɗan yayata ne. A rumfarka aka yi mini wannan."

Ya hau babur suka tafi. Ba wanda ya ce a ci gaba da kallo. Ni da Yaya muka shigar da talabijin, ya zauna a kan buhun gawayi ya dafe kai. Da muka isa gida labari ya riga mu. Inna tana tsakar gida da mayafi a kanta, ta dube mu, ta fice zuwa gidan Kawu, ba ta dawo ba sai washegari.

Kawu bai ci zaɓen ba. Har yau yana ganin hoton nan ne ya kayar da shi, Yaya kuma yana cewa jam'iyyar Kawu ce ba ta da ƙarfi a mazaɓar. Damina ta zo ta wuce Kawu bai taka gidanmu ba. Sai da matar Yaya ta haihu, ranar suna da safe, muka gan shi ya zo shi kaɗai a ƙafa. Ya zauna a tabarmar dattawa, aka yi addu'a da shi. Yaya ya kawo masa goro da hannu biyu, ya karɓa, ya ce, "Allah ya raya." Da zai tafi na raka shi har bakin titi, yana tambayata aikin makaranta da tsadar mota zuwa Birnin Kudu.