Bargon da Ya Raba Tsofaffi da Motarsu

Shekarun baya, a wani hunturu da har yau nake jin sanyinsa a ƙafafuna, ruwa ya ci mana gida a Riyad. Na san wasu za su ce ina Riyad ina ruwa. Ni ma haka na ce wa mahaifiyata ranar da zan taho, har na bar mata lemata ina dariya. To, ranar da ya tashi zuwa, kafin a kira la'asar tukwanena na yawo a falo. A ƙasan wani tsohon bene muke haya, can bayan unguwar Dira, titinmu kuma gangare ne, duk ruwan unguwa wajenmu ya nufo. Maigidana direba ne, yana filin jirgi yana jiran kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Ni da maƙwabciyata, 'yar Maraɗi mai ɗanyen jego, muka ƙare a kan matakala, ita rungume da jariri, ni rungume da Alƙur'ani da iƙamominmu, takardun izinin zamanmu.

Washegari da hantsi wata doguwar farar mota ta tsaya a bakin layinmu. Karafan suke ce mata a nan: mota ce mai gado da murhu da makewayi a ciki. Larabawa masu hali ke fita da irinta hamada lokacin sanyi, su shaƙata. Sai ga wani dattijo da matarsa sun sauko da shebur da bokitai, suka yi mana sallama da wata irin Hausa da rabona da jin ta tun kakata na raye. Ashe haifaffun Makka ne, 'yan ƙasa, kakanninsu ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Shi ya yi ritaya daga aikin lantarki, ita daga koyarwa. Duk hunturu sai su kulle gidansu, su shiga motar nan, su bi inda suka ji ruwa ya yi ɓarna. Na dinga kiransu Baba da Inna, suka amsa kamar da ma sun haife ni.

Baba ya fara kashe wutar gidan gaba ɗaya, sannan ya bi wayoyin wutar yana busarwa. Inna ta ɗaure mayafi a ƙugu ta shiga kwasar laka, ni da nake ganin kaina yarinya sai da na zauna hutawa ta bar ni a nan. A kan murhun motarta ta riƙa tafasa wa maƙwabciyata ruwan wankan jego, har kunun kanwa ta dama mata. Yarinyar nan ba ta da uwa a kusa, tana sha tana share hawaye. Baba da Inna suna aiki suna tsokanar juna. Inna ta ce likita ya hana tsohon nan sunkuyo amma kunnensa na ado ne. Shi kuma ya ce mu daina tausaya mata, ai ita ce kafilinsa, duk inda ta ce a juya kan mota nan ake juyawa.

Ana cikin haka shugaban ƙungiyar mutanenmu ya iso, cikin farar jallabiya ƙal, da barguna a bayan mota da wani mai riƙe masa waya. Ko takalminsa bai bari ya taɓa laka ba. Ina ciki ina matsar darduma, daga baya aka ba ni labari. Ya hango Baba zaune a ƙofar karafan yana cin burodi da shayi, Inna kuma ta fito laka har gwiwa. Bai tambayi ko su waye ba. Ya miƙa mata bargo, ya ce ta riƙe gefe ɗaya ta kalli waya. Inna ba ta taso a gidan da ake mayar wa mutum kyauta a gaban jama'a ba. Ta karɓa, ta yi godiya, ta wuce ta lulluɓa wa jariri.

Kafin magariba bidiyon ya karaɗe wayoyin mutanenmu. A ƙasansa an rubuta wai miskinai ne, 'ya'yansu sun yar da su, a mota suke kwana.

Na kalli bidiyon har ƙarshe. Balaraben da ya ga motar nan ya san masu ita sun fi ƙarfin bargo. Amma mu, idan muka ga tsoho na kwana a mota, fassara ɗaya gare mu: ya haifi marasa albarka. Shugaban nan ya kwashe shekaru a ƙasar nan, amma da idon gida ya kalle su, kuma bai ga dalilin buɗe baki ya yi tambaya ba.

Maigidana ya kira shugaban, shi kuma ya ce zai duba. Da na ga shiru, na sa abaya na ce a kai ni. Ni da ko a kasuwa ba na iya taya kaya, ranar na tsaya a gabansa na ce ya ji tsoron Allah ya goge bidiyon, ya kuma faɗa wa mutane gaskiya. Ya yi murmushi ya ce niyyarsa alheri ce, kuma tunda bidiyon ya fita taimako ya ƙaru. Sannan ya ce, "To Hajiya, ba a motar suke kwana ba? Ƙarya na yi?"

Na juya na fita. Sai da muka kama hanyar gida amsoshi suka dinga zuwar mini.

Bidiyon ya kai Makka. Ba a jima ba babban ɗansu ya sauka, idanunsa jajur. Ya sumbaci kan mahaifinsa, ya sumbaci na mahaifiyarsa, sannan ya faɗa musu cewa a masallacin unguwarsu an tare shi, a wurin aiki an tambaye shi, dangin matarsa ma sun kira. Da ma can 'ya'yan ba sa son wannan yawo, tsofaffin ne suka dage. Yanzu sun sami hujjar hana su. Na ja shi na nuna masa wutar da ta dawo, da bangon da aka wanke, da jaririn da ke barci a busasshen ɗaki. Na ce duk layin nan shaida ne cewa iyayensa ba mabuƙata ba ne, su ne suka rufa mana asiri.

Ya ce, "Na sani, 'yar'uwa. Amma ku kaɗai kuka ga wannan. Bidiyon kowa ya gani."

Baba bai yi musu ba. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya zaro makulli daga aljihu ya ɗora a tafin ɗansa. Inna ta ce ita ba inda za ta sai ta yi wa jariri wankan yamma. Ta yi masa, ta shafe shi da mai, ta naɗe shi cikin bargon nan, ta miƙa wa uwarsa. An sayar da karafan kafin sanyi ya wuce.

Na yi ta addu'a Allah ya cire mini haushin shugaban nan, don ba na son in tashi da shi ranar lahira. Ya ragu, amma bai tafi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne har gobe yana ganin aikin lada ya yi. Tun daga lokacin, in na ga an ɗauki hoton wani ana miƙa masa kaya, ba na turawa gaba, sai dai in tsaya ina tunanin ko an tambaye shi sunansa, ko yana da 'ya'yan da za su gani.

Baba da Inna suna nan da ransu, a saman bene a gidan ɗansu, ana kula da su yadda ya kamata. Mu ma mun bar wancan layin tuntuni, na kuma faɗa wa Inna. Amma duk ranar da aka ce hadari ya haɗu a Riyad, sai saƙon muryarta ya shigo wayata. Ba ta doguwar gaisuwa.

"Ɗiyata, ruwa ya shigo? Wa ke kwashe muku?"