Mijinyawa da Lasisin Tirela

Mijinyawa direba ne ɗan unguwar Yara a Keffi. Tun zamanin samun 'yancin kai yake tuƙa a-kori-kura, yana kai doya kasuwanni. Da arzikin fetur ya shigo, maigidansa Alhaji Abdulsalami ya sayi tirela, ya ce Mijinyawa ne zai riƙa ja.

Mijinyawa ya tafi Jos sabunta lasisinsa. Jami'in gwajin tuƙi ya duba ya ce, "Malam, wannan na ƙananan motoci ne. Nauyin mota da na kayanta shi ke raba ajin lasisi. Sai ka sake gwaji."

Bai yi musu ba. Da furfurarsa ya koma bin wani direban tirela na Sabon Gari, yana koyon ribas da dogon bodi. Gwajin farko ya faɗi, na biyu ya ci.

Ya shekara da yawa yana ɗauko siminti daga Legas lafiya lau. Duk dawowa yakan riƙo wa matarsa Huraira manja da goro, su zauna tsakar gida yana ba ta labarin hanya, tana dariya.