Fitilar Yaya da taurarin Inna

Har yau in na ga fitilar sola a ƙauye raina ɓaci yake. Bari ku ji dalili.

Innarmu ce ta koya mana sama. Da sanyi, bayan sallar isha, takan zaunar da mu a ƙofar gida kan karan dawa, ta nuna mana taurarin nan uku da ke jere. Ta ce zomo ne da kare da maharbi, tun tana budurwa suke tsere, ba wanda ya kama wani. Ƙasa da su akwai wani ɗan fari-fari, ta ce hayaƙin girkin matar maharbin ne, tana jiran nama.

Yawon direba ya kai ni har Agadas. A can wani Buzu ya ba ni madubin hangen nesa na leƙa, sai ga hayaƙin Inna ɓaro-ɓaro. Na saye shi nan take, don yanar ido ta fara rufe wa Inna ido, ina so ta gani kafin ta gama rufewa.

Na iso garinmu can bayan Ɗambatta, me zan tarar? Fitila a kan dogon ƙarfe, daidai wurin zamanta, tana haska ƙofar gida kamar gidan mai. Sama ta koma fari fat. Ta rijiyar burtsatse ce fa aka kawo, Yayana ya yi ta zarya gidan kansila har aka dasa masa ita. Mata na can suna ɗiban ruwa da tocila.

Na ce, "Yaya, a rufa mata buhu, na yau kawai."

Ya ce, "Buhu? Baƙin kansila su wuce su ce na raina kyauta? Kai yawo ya lalata ka."

Inna ta ce, "Bar shi, ɗan nan, ba a ja da na gaba."

Na haɗiye, wallahi kamar garwashi. Na aro amalanke, na shimfiɗa mata bargo, na tura ta har gonar gyaɗa tana yi mini tsiya wai na mai da ita buhun taki. Na riƙe mata madubin.

"Ga zomo, ga kare. Maharbin ya tsufa, da ƙyar nake ganinsa."

"Hayaƙin fa, Inna?"

Ta daɗe tana dubawa. "Ƙila ta sauke tukunya."

Tari ya turnuƙe ta, dole na juyo da ita. Kafin wani sanyin idon ya rufe. Fitilar kuwa ko damina ba ta kai ba batirinta ya mutu. Ƙarfen na nan, Yaya na ɗaure akuya a jiki.