Abokin Takarata a Bencin Asibiti

Har gobe ban manta ranar da na je neman aikina na farko ba. Ku da kuke gama hidimar ƙasa bana, ku saurara.

Bayan na gama tawa hidimar, na zaga asibitocin Birnin Kebbi da Sakkwato har takalmina ya cinye, ko'ina sai a ce in bar takardu. Ana cikin haka na ji ƙungiyar ci gaban wani gari a ƙasar Bagudo, dab da iyakar Benin, tana neman likita don asibitin da ta gina. Na aika takardu, aka sa mini rana a tsakiyar damina.

Kafin in tafi na je wurin maigidana Dakta Sambo, wanda ya koya mini tiyata. Ya ce, "Ka sa kwat, ka isa da wuri. Kuma kada ka yarda ka yi hira da sauran masu nema. Tatsar abin da ka sani za su yi, su shiga su zuba."

Na aro kwat. Daga Bagudo na hau ɗan acaba, muka sha taɓo, na isa da hantsi. Ban tambayi kowa ba, na ga dogon benci a baranda na zauna. Mata ne da tsofaffi a kai, sai mutum ɗaya a gefena, mai kwat da tabarau, rungume da babban ambulan. Ya gaishe ni da Faransanci. Na ce a raina, shi ke nan, sun samo wanda ya yi karatu a waje.

Zufa yake yi sosai, ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, ashe shi ma tsoron intabiyu yake.

Can ya karkato, ya ce da Hausa mai gardin Dandanci, yaren mutanen iyakar, "Kai likita ne?"

Na ce, "Haka ake faɗi."

Ya ce, "Idan kumburi a matsematsi yana fita yana komawa, sai wata rana ya ƙi komawa, ga amai, mene ne wannan?"

Duk ɗalibin likita ya san amsar. Ƙaba ce ta maƙale, wato hanji ya zurmo ta wata kafa ya shaƙe, kuma ba ta jira. Amma na tuna gargaɗin Dakta Sambo. Na gyara taye na ce, "Ya danganta."

"Da me ya danganta?"

"Da abubuwa da dama."

Ya dube ni, ya share zufa. Ni kuwa har ina jin daɗin na tsare sirrina.

Rana ta take sai ga wani dattijo da babbar riga ya shigo a fusace, yana yi wa direbansa faɗa. Wannan shi ne Alhaji Garba, shugaban ƙungiyar. Ya hango ni, ya tsaya. "Kai, ba kai na likitan Birnin Kebbi ba? Tun da sahe muna tasha muna jiranka! Mi kaka yi cikin layin marasa lahiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jira nake a kira mu, ni da ɗan'uwana mai nema."

"Wane mai nema? Kai kaɗai munka samu! Wanga Malam Idirisu na, malamin makaranta daga hayin Benin. Ciwo ya kawo shi."

Na juya. Malam Idirisu ya riga ya sunkuya yana amai a bayan benci. Ambulan ɗin da na ɗauka takardun digiri ne ya faɗi, hoton ciki ya leƙo.

Ban san lokacin da na tuɓe kwat ba. Muka ɗauke shi zuwa ɗakin dubawa, na taɓa wurin na ji shi tauri kamar ɗanyen mangwaro. Likitan da ke riƙe da asibitin, Dakta Bawa, tsoho ne mai ritaya, hannunsa ya fara rawa, shi ya sa ma ake neman wani. Tun safe motar da za ta kai Malam Idirisu babban asibiti ake jira, ita kuma tana tasha tana jirana. Ga ruwa ya tsinke, hanya ba ta biyuwa.

Dakta Bawa ya ce, "Ɗana, ka taɓa yin wannan aiki?"

Na ce, "Na yi, Baba, amma da babba a kaina."

Ya ce, "To ga babba. Wanke hannu."

A ɗakin tiyata aka yi mini intabiyu. Ina yanka yana tambaya, wace jijiya ce wannan, me za ka yi in hanjin ya yi baƙi. Allah ya taimaka hanjin bai mutu ba, muka mayar da shi muka ɗinke. Da muka fito, Alhaji Garba tambaya ɗaya ya yi mini, ko ina cin tuwon shinkafa da kifi. Na ce ina ci. Ya ce, "An ɗauke ka."

Washegari na je duba Malam Idirisu. Na ce, "Malam, yaya jiki?"

Ya buɗe ido, ya gane ni, ya ce, "Ya danganta."

Nas-nas suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa. Shekarun da na yi a garin, sunan da ake kirana ke nan, Dakta Ya Danganta, har kasuwannin hayin iyaka.

Don haka in za ku nemi aiki, kada ku taru duka a ƙofar asibitocin birni, akwai garuruwan da mota ke jiranku a tasha. In kun isa, ku faɗi sunanku da abin da ya kawo ku kafin ku zauna. Kuma duk wanda ya yi muku tambayar ciwo, ko a benci, ko a mota, ko da kun rantse abokin takara ne, ku dubi fuskarsa da kyau ku ba shi amsa. A wannan sana'a tamu, mai tambaya yawanci jikinsa yake tambaya a kai.