Maratayin Bindigar Baba

Ko zan manta komi a duniya, ba zan manta ranar da ɗiyata ta faɗo daga reshen mangwaro a garkar albasa ba. Shekara biyar ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Babanmu tsohon soji ne. Cikin ƴan kayan da ya bari akwai maratayin bindiga, madaurin nan mai faɗi da soji ke rataya bindiga da shi a kafaɗa. Ni anka ba shi, don tun ina ƙarama ni ke goge ma Baba shi. Saƙar auduga ce mai kauri, da ƙugiyar tagulla a kowane baki, da wata lamba a ciki wadda zufa ta cinye har ba ta karantuwa. In Baba ya ga samari sun sayo irinsa a kasuwar Madawa suna taƙama, sai ya yi dariya ya ce, "Wanga na tela ne." Ya zare zare guda ya ƙona, ya nuna mini: na asali toka yake zama, na jabu ya narke ya dunƙule kamar leda. Ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyonsa ya kara a ƙugiya, ya ce in tagulla ce ta gaskiya ba za ta manne ba. Ni lokacin wasa na ɗauki abin.

Da na haihu, maigidana yana Abijan cin rani, ni ke kula da garkarmu a Sabon Gida. Ni kuwa mai tsoro ce, ba na iya ajiye jaririya ƙasa saboda kunama da tururuwa. Sai in ɗaure zane in yi mata lilo, in rataya shi a reshen mangwaro da maratayin nan. Wata shida ina haka, ko gezau bai yi ba.

Rannan yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo garka da babur. Wai akwai wani mutum a Madawa mai son ganin tsoffin kayan soji, hoto kawai zai ɗauka. Na bar shi ya ɗauki maratayin. Yayana ne fa, mi zan ce?

Bayan kwana bakwai ya maido, a gidan Inna, gabanta. Ina karɓa hannuna ya gaya mini. Bai kai nauyin da na sani ba. Warin baƙin man inji yake, alhali na Baba warin zufa da tsohuwar adaka yake yi. Lambar da ba ta karantuwa ta fito raɗau. Ƙugiyar kuma tana sheƙi ko'ina daidai, har wurin da babban yatsan Baba ya siɗe.

Na ce, "Yaya, wanga ba shi ba ne."

Ya bushe da dariya. "Inna, ji sabon kaftin! Ke da aji biyu kika yi a lakwal, mi kika sani ga kayan soji? Wanke shi anka yi, anka gyara miki kyauta. Maimakon godiya."

Inna ta harare ni. "Yayanki zai cuce ki? Kullum ke sai zargi, kullum sai fargaba. Rufe mini baki."

Na rufe. Nan ne nake jin haushin kaina har gobe. Na san gwajin da Baba ya koya mini, ashana tana ɗakina, rediyon tana ƙarƙashin gadon Inna. Amma kunya ta hana ni, na ce ma raina ƙila tsorona ne na kullum.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina duƙe ina gyara hanyar ruwa tsakanin fangalan albasa. Na ji wani ƙas, sannan tim. Sannan shiru. Shirun nan shi ya fi komi muni. Na juya na ga zane a ƙasa, maratayi yana reto da ƙugiya a buɗe kamar bakin kifi. Ban san yadda na tsallake fangalan ba. Sai da na ɗaga ta ta tsala kuka, hannunta na hagu yana lilo.

Wani maƙwabcin garka ya kai mu asibiti a babur. Majo, babban malamin asibitin, ya duba ya ce ƙashin kafaɗa ne ya tsage, zai haɗe. Ya ce da kanta ta fara bugawa a kan dutsen da ke gefen, da wani zance ake. Ina riƙe da ita har anka gama ɗaure ta.

Daga asibiti ban biya gidana ba. Na wuce gidan Inna da yarinya a ƙirji, maratayi a hannu. Na tarar da Yaya zaune a tabarma yana shan hura, kawunmu na gefe.

Ban yi gaisuwa ba. Na shiga na jawo rediyon Baba, na fasa bayanta da taɓarya, na ciro mayen ƙarfen. Na kara a ƙugiya, ta manne caf. Na goga ta a dutsen niƙa, ruwan ɗorawan ya fita, baƙin ƙarfe ya bayyana. Na zare zare na ƙyasta ashana, ya narke ya dunƙule yana wari.

Na ce, "Kawu, ka gani? Inna, kin gani? Aji biyun nawa ke nan."

Kawu ya dubi Yaya. "Kai, ina na mahaifinku?"

Ya sunkuyar da kai ya ce mutumin ya tafi da shi Yamai. Wai shi ya ba shi wannan a madadi, sunka shafa mai da ƙasa don ya tsufa. Sannan ya ƙara da maganar da ba zan yafe da sauƙi ba: "Madauri ne fa kawai. Ni ina na san abin da take yi da shi?"

"Ka sani!" na ce. "Daga reshen ka kwance shi da hannunka, yarinyar tana goye a bayana!"

Inna ta taso. Ta miƙo hannu za ta karɓi jikarta, na ja baya. Ban taɓa yi ma uwata haka ba, amma ranar na yi.

Na Baba bai dawo ba. Ɗiyata ta warke, yau da hannun nan take jan guga. Ni da Yaya muna gaisawa a suna da biki, iyakarta ke nan. Jabun kuwa yana rataye a ƙusa cikin ɗakina, na hana a yar.

Abin da na koya shi ne, in idona ya ga abu, hannuna ya ji, ba wanda zai sake rufe mini baki da dariya, ko yaya ne ko uwa. A kira ni mai fargaba, na yarda. Duk abin da zai ɗauki nauyin ɗana, sai na gwada shi gaban wanda ya kawo, kafin in ce na gode.